Ku Tambayi Likita: Magungunan Inna Sun Kai 11, Ba Za A Iya Ragewa Ba?

Assalamu alaikum masu karatu. A wannan fitowar na ware saƙonnin da suka shafi iyayenmu da kakanninmu masu ciwon mantuwa, wanda wasu ke cewa gigin tsufa, da tulin magungunan da ake ɗura musu safe da yamma. Sunayen magungunan na bar su yadda suke rubuce a jikin kwali don ku iya dubawa a gida.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Mahaifiyarmu ce, shekarunta sun kusa 80, tana da hawan jini da ciwon gwiwa tun da daɗewa, sai kuma mantuwa ta same ta kamar shekara uku ke nan. Jiya na zazzage ledar magungunanta na ƙirga guda 11: amlodipine, Lasix, diclofenac, omeprazole, Vasoprin, donepezil, oxybutynin, Piriton, Stugeron, Lexotan da maganin ƙarin jini. Yanzu wuni take tana gyangyaɗi, bakinta a bushe, abinci sai da lallashi, ta faɗi sau biyu a banɗaki cikin watan nan. Na ce a rage, Yaya babba ya ce duk ma'aikatan lafiya ne suka bayar kar wanda ya taɓa. Don Allah ya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya saka miki da alheri da kika zauna kika ƙirga, Allah ya ba Inna lafiya. Ban ga Inna da idona ba saboda haka ba zan ce miki cire wannan bar wancan ba, amma wallahi jerin nan da kika turo yana da abin dubawa sosai, kuma ni a ganina Yaya yana da gaskiya rabi ne kawai. Gaskiyarsa ita ce kada ku taɓa da kanku. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa tunda ma'aikacin lafiya ne ya bayar shikenan an gama magana, domin na tabbata ba mutum ɗaya ne ya rubuta guda 11 ɗin nan ba, wani a asibitin gwamnati, wani a asibitin kuɗi, wani ɗan kemis na bakin layi, kowa ya ga ciwon da aka kawo masa ranar ya ba da nasa bai ga na sauran ba.

Bari ki ga yadda abin yake ɗinkewa. Diclofenac yana sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, yana ɗaga hawan jini, yana wahalar da ƙoda, yana kuma cin ciki. Amlodipine magani ne mai kyau na hawan jini amma an san shi da kumbura ƙafa. Ƙafa ta kumbura sai a ce ruwa ne a jiki a ba da Lasix, alhali irin kumburin amlodipine ba ya jin Lasix sosai. Lasix kuma aikinsa sa fitsari, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da kafin ta miƙe ta kai banɗaki ya zubo, shi ma donepezil ɗin yana iya ƙara matsuwar fitsari, to sai a ce mafitsara ce ta yi rauni a kawo oxybutynin. Nan ne fa babbar matsalar take. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira asetilkolin wanda tunani da riƙe abu suka dogara da shi, a ciwon mantuwa raguwa yake yi, donepezil an yi shi ne don ya ƙara shi, shi kuwa oxybutynin toshe masa hanya yake yi. Kin ga ke nan ɗaya na hura wuta ɗaya na kwara mata ruwa, kuma duk ku ne kuke biyan kuɗinsu. Piriton ɗin nan da muka raina muke ba kowa in ya yi atishawa shi ma layinsu ɗaya da oxybutynin, haka Phenergan, haka amitriptyline, haka Artane, haka magungunan sa cin abinci masu cyproheptadine. Alamarsu ita ce wadda kika faɗa da bakinki: bushewar baki, gyangyaɗi, taurin bayan gida, ƙarin ruɗewa.

Sai jiri. Tsohuwar da ke shan maganin hawan jini da Lasix, ba ta cin abinci ba ta shan ruwa sosai, balle a bazara irin ta watan Afrilu da Mayu, jininta zai iya sauka duk lokacin da ta miƙe tsaye, ta ga duhu-duhu. Maimakon a auna a gani sai aka ƙara Stugeron, wanda shi ma sa barci yake, kuma in aka daɗe ana sha yana iya kawo rawar hannu da sanƙarewar jiki. A kan wannan aka ɗora Lexotan, maganin sa barci ɗan dangin Valium, da dare. Ba abin mamaki ba ne ta faɗi, kuma faɗuwar nan ita ta fi tsorata ni, don karayar ƙugu ga mai shekara 80 sau da yawa ita ce kwanciyar da ba a tashi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne jikin tsoho ba ya fitar da magani kamar na matashi. Ƙoda ta rage aiki, hanta ta rage, nama ya zube, ƙwayar da ta dace da ita tana da shekara 60 yanzu tana iya yi mata yawa. Diazepam, wato Valium, zai iya yin kwanaki a jikin tsoho bai gama fita ba an ƙara wani. Saboda haka ne tun 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka mai suna Mark Beers ya fito da jerin magungunan da ya kamata a guje wa ba tsofaffi, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta jerin, ta sake sabunta shi a 2023, kuma dangin Piriton da dangin Valium duk suna ciki. A wajen likitoci ma da zarar mutum ya kai magani 5 a kullum an fara cewa a zauna a duba.

Vasoprin kuma, wato asfirin, ku tambaya me ya sa aka fara shi. In Inna ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya to yana da dalili mai ƙarfi. In kuwa don kariya ne kawai aka bayar, akwai babban bincike da aka yi a Ostireliya da Amurka kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000, aka fitar da sakamakon a 2018, asfirin ɗin kullum bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai dai ya ƙara zubar jini. Haɗa shi da diclofenac kuma hanya ce ta gyambon ciki mai jini, in kin ga bayan gidanta ya yi baƙi ki faɗa wa likita ran nan, kodayake maganin ƙarin jini ma yana baƙanta shi.

Ga abin da za ki yi. Ki kwashe komai a leda ɗaya, har da na shafawa, da na ɗigawa a ido, da jiƙo da garin magani da duk abin da 'yan dubiya suka kawo, ki tafi da Inna da ledar gaban likita guda ɗaya, ki ja Yaya ku tafi tare don ya ji da kunnensa. Kowace ƙwaya a ɗaga ta a tambaya: don me aka fara ta, har yanzu dalilin yana nan, me zai faru in an bari? Ki roƙi a auna jininta tana kwance sannan a sake aunawa bayan ta miƙe, a yi gwajin ƙoda da na yawan jini. Likita zai fara da wanda ya fi haɗari, ɗaya bayan ɗaya, a ba da sati biyu zuwa huɗu a ga yadda jiki ya karɓa kafin a taɓa na gaba, ke kuma ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta barcinta da cin abincinta da bayan gida da ranar da ta faɗi in ta faɗi. Lexotan ɗin musamman ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi cikin makonni. Mantuwar ba za ta warke ba, kar in yaudare ki, amma ana samun tsofaffin da bayan an sauke musu irin wannan kayan sai ka ga sun tashi zaune da rana, suna cin tuwonsu da hannunsu, suna amsa gaisuwa.

TAMBAYA: Likita, Babanmu ne da an yi magariba sai ya rikice, ya ɗauki sandarsa ya ce gida zai tafi alhali a gidansa yake, in an tare shi ya yi ta ihu, ran nan har ya maki jikansa. Wani mai kemis ya ba mu Largactil muke ba shi da yamma. Gida ya yi shiru amma yanzu kwance yake wuni, yawu na zuba, jikinsa ya sanƙare, ruwa ma ƙwarewa yake. Raina bai kwanta ba. Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Malam, gara da ranka bai kwanta ba, kuma don Allah ka kai Baba asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a jira sati. Ƙwarewar nan da yake yi tana iya tura abinci ko ruwa cikin huhu ya zama ciwon huhu. Ba na zarginka ko kaɗan, wanda bai taɓa kwana uku ido biyu yana gadin ƙofa ba ba zai gane halin da kuke ciki ba. Amma Largactil da haloperidol da danginsu magungunan taɓin hankali ne masu ƙarfi, ba na saye a kemis ba ne. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta saka gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin irin waɗannan magunguna, bayan an ga tsofaffi masu mantuwa da ke shansu mutuwarsu ta fi ta waɗanda ba sa sha da kusan ninki 1.6 zuwa 1.7, yawanci ta hanyar zuciya ko ciwon huhu, a 2008 aka faɗaɗa gargaɗin ya haɗa da tsofaffin magungunan irin su Largactil. A Ingila wani rahoto da aka yi wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta masu mantuwa kusan 180,000 ne ake ba irin magungunan nan a shekara, waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba, sannan ana samun ƙarin mutuwa kusan 1,800 saboda su. Akwai ma wani nau'in mantuwa da mai shi ke ganin mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa yana ɗan sanƙarewa dama, irin wannan ƙwaya kaɗan tana iya kwantar da shi magashiyan.

Tsohon da ya kasa faɗin abin da ke damunsa da baki, jikinsa ne ke faɗa. Kafin a ce masifa ce a duba ko ciwo yake ji, haƙori ko gwiwa ko baya, ko kwana biyar bai yi bayan gida ba, ko fitsari ne ya tsaya masa wanda ya yi yawa ga maza tsofaffi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ƙishirwa, ko yunwa. A ƙasar Nowe an yi bincike a gidajen kula da tsofaffi aka buga a 2011, da aka bi masu mantuwa da maganin ciwo a kan tsari, yawancinsu farasitamol ne kawai, tashin hankalinsu ya ragu a fili. Duk ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, ku ɗauka wata cuta ce ta shigo, a tafi asibiti.

Ita kuma rikicewar magariba sananniya ce a ciwon nan. Ku kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a rage hayaniyar yara da talabijin a lokacin, a hana shi dogon barcin rana, a fito da shi ya sha hantsi ya ɗan taka. In ya ce gida zai tafi kar a ce masa ai nan ne gidanka, musun ne ke tunzura shi, ka ɗauki hularka ka ce to Baba mu je in raka ka, ku zaga bayan gida ku dawo, ka tambaye shi labarin gidan nasu na da, ko ka kunna masa karatun Alƙur'ani da muryar da ya saba ji. Kar a ɗaure shi, kar a kulle shi shi kaɗai a ɗaki. Kuma ku raba kwana tsakaninku 'yan'uwa, mutum ɗaya ba zai iya ba. Akwai lokacin da dole a ba da magani irin su Largactil ɗin, in yana neman ji wa kansa ko wani rauni sosai kuma an gwada komai, amma likita ne zai zaɓa, ɗan kaɗan, na 'yan makonni, da ranar da za a sake dubawa a janye. Asibitin yanki da ke nan Maraɗi ya isa a fara, masu karatu na Najeriya kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa a Kaduna da Maiduguri da Dawanau, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika.

TAMBAYA: Kakata tana shan Daonil na ciwon suga shekara da shekaru. Yanzu tana mantawa ta sha sau biyu, wani lokaci ta ƙi cin abinci, kuma ta dage sai ta yi azumin Litinin da Alhamis. Wata rana mun same ta tana gumi tana surutai. Daga wata ɗaliba a Azare.

AMSA: 'Yata, gumin nan da surutai alama ce mai ƙarfi ta cewa suga ya faɗi, kuma ga tsohuwa irin Kaka faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa. Daonil, wato glibenclamide, yana daɗewa a jiki yana ta sauke suga ko an ci abinci ko ba a ci ba, shi ya sa yake cikin waɗanda ake cewa a guje wa ba tsofaffi. In abin ya sake faruwa kuma tana iya haɗiya, a ba ta ruwan suga ko lemon kwalba nan take a bi da abinci, in kuna da na'urar awo ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, ya faɗi ke nan, in ba ta cikin hayyacinta kar a zuba mata komai a baki, a ɗauke ta sai asibiti. Ko ta farfaɗo a kai ta, don sugan yana iya sake faɗuwa bayan 'yan awoyi. Likita zai iya canja maganin ko ya rage, domin a wannan shekarun ba a matsa wa suga sai ya zama kamar na saurayi, ana sassautawa. Daga yau maganin ya bar ɗakinta ya koma hannun mutum ɗaya mai ba ta yana kallo ta haɗiye. Maganar azumi ku sa malamin da take jin maganarsa ya zo ya zauna da ita, addini ya yi wa mara lafiya rangwame ko a azumin farilla balle nafila.

TAMBAYA: Ni tsorona dangi ne, in na ce a rage wa Hajiya magani za a ce na gaji da ita ko kuɗin nake ƙyashi. Ko in ɓoye in daina ba ta wasu ba tare da kowa ya sani ba? Daga wata matar aure a Kumasi.

AMSA: A'a 'yar'uwa, don girman Allah kar ki yi haka. Akwai magungunan da in aka tsayar da su kwatsam bala'i ne: maganin farfaɗiya, prednisolone da dexamethasone ga wanda ya daɗe yana sha, atenolol da propranolol na zuciya, Valium da Lexotan da tramadol ga wanda jikinsa ya saba, maganin rawar jiki na levodopa, magungunan damuwa, insulin, da masu tsinka jini ga wanda aka ba saboda zuciya ko shanyewar jiki. Wasu su kawo jijjiga, wasu su harba jini sama, wasu su taɓa zuciya. Kuma in wani abu ya faru kina ɓoye, likita zai yi ta lalube a duhu, ke kuma zargin da kike gudu ya zo ninki biyu.

Ki fito da maganar a fili. Ki kira wanda ake jin maganarsa cikin 'ya'yan Hajiya ku je asibiti tare, ki ce wa likita: ranka ya daɗe magungunan nan suna yi mata yawa, tana wahalar haɗiya, akwai wanda za a iya ragewa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba, da yawa ma jira suke iyalin su fara, saboda layin ya yi tsawo sabunta takarda ya fi sauƙi a kan zama a bi ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ƙwararren mai harhaɗa magunguna na asibiti shi ma zai taimaka ƙwarai wajen gano waɗanda suke maimaita juna, sau tari za ki ga magani ɗaya ne ake sha sau biyu da sunan kamfani daban-daban. Mu fa mun ɗauki yawan magani a matsayin shaidar kula, ɗan da ke birni ya aiko da kwali, 'yar da ta dawo daga Umara ta kawo nata, kowa da kyakkyawar niyya, amma cikin Hajiya ɗaya ne ƙodarta kuma ta tsufa. Mai son yi mata hidima ya kawo ƙwai da madara da kifi, ya sa a gyara mata tabarau, a kafa mata ƙarfen riƙewa a banɗaki, ya zo ya karɓe ki kwana biyu ki huta.

TAMBAYA: Shekara huɗu Baba yana shan donepezil amma mantuwar ƙaruwa take, yanzu ko sunana bai sani ba. Mu bari ne? Kuma ya halatta mu daka magungunan mu zuba a koko tunda yana tofarwa? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Malam, donepezil dama ba ya warkarwa ba ya kuma tsayar da ciwon, ɗan tallafi yake yi, ƙaruwar mantuwar ba ita ke nuna bai yi komai ba. A wani bincike a Birtaniya da aka buga a 2012 waɗanda aka cire musu shi ciwon ya yi nisa sun fi saurin lalacewa a kan waɗanda suka ci gaba, saboda haka ba shi ne na farkon fita daga leda ba. Inda ake tunanin barinsa shi ne in yana sa amai ko gudawa ko rama, ko bugun zuciya ya yi ƙasa sosai har ana suma, ko Baba ya kai matakin da yake kwance ba magana ba haɗiya sosai. In likita ya yarda a gwada, ana rage shi ne zuwa rabi tukuna, a sa ido na wasu makonni, in aka ga ya faɗi warwas a mayar.

Dakawa kuma ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Duk wadda aka rubuta retard ko SR ko XL a jikin kwalinta, kamar nifedipine na hawan jini, an yi ta ne ta narke a hankali cikin yini, in ka daka duk ƙarfin zai shiga lokaci ɗaya jini ya faɗi. Ƙananan ƙwayoyin cikin kafson omeprazole su ma ba a murƙushe su. Ka kai jerin wa mai harhaɗa magunguna ya ware maka wanda ake dakawa da wanda yake da na ruwa. Wanda aka ce a daka kar ka juye shi a kofin koko gaba ɗaya, don in ya sha rabi ya ture ba ka san nawa ya shiga ba, kuma ɗacin zai sa ya tsani kokon. Ka sa a cokali ɗaya na zuma ko ayaba da aka dama, yana zaune a miƙe, sannan ka bi shi da ruwa kaɗan-kaɗan.